Matakan Haɗa Kayan Tafiya Ga Mai Fita Aikin Bishara Daga Haɗeja

Mu Kiristocin ƙasar Haɗeja ba mu da yawa. Saboda haka idan ikilisiya ta tashi aika mutum aikin bishara a wata ƙasa, kowa ya san da zancen, kuma kowa yana da hannu a ciki. Zumuntar mata ta yi karo-karo, matasa sun yi gayya a gonar shinkafa, malamin makaranta ya gutsuro daga albashinsa, tsohuwa ta kwance bakin zanenta ta miƙa abin da ta daɗe tana ɗaurewa. Wannan kuɗin ne yake komawa fasfo da tikiti da akwati. Shi ya sa nake ganin haɗa kayan mai wannan tafiya amana ce, bai kamata a bar shi sai daren ƙarshe ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Fitar 'yan ƙasa aikin bishara ba baƙon abu ba ne a Arewa. Ƙungiyar EMS, hannun bishara na ikilisiyar ECWA, ta fara aika 'yan ƙasa tun ƙarshen shekarun 1940, kafin ma a kafa ita ECWA ɗin a 1954. Ƙungiyar bishara ta CAPRO kuma a Zariya ta samo asali a 1975, yau ma'aikatanta suna ƙasashe da dama. Mutumin Haɗeja da za a aika, galibi ɗayan hanyoyi biyu zai bi. Ko ya bi ta Gumel ya ƙetare iyaka a Maigatari ya nufi Damagaram, daga can ya wuce Maraɗi ko Galmi, ko kuwa ya je Kano ya hau jirgi a filin Malam Aminu Kano, ya ya da zango a Addis Ababa ko Alƙahira kafin ya isa inda za shi. Matakan nan sun shafi hanyoyin biyu, inda suka sha bamban kuma zan faɗa.

Na sha jin masu cewa ai a Luka sura 10 Yesu ya aiki almajiransa ba tare da jaka ko guzuri ba, don haka yawan shiri ƙarancin bangaskiya ne. Mai wannan magana ya daure ya ci gaba da karatu zuwa sura 22, inda ya umarce su su ɗauki kayan tafiyarsu. Manzo Bulus ma, yana tsare, ya rubuta wa Timoti ya taho masa da mayafin da ya bari a Taruwasa, haɗe da littattafansa: abin rufa saboda sanyi, abin karatu saboda aiki. Ma'aunina ke nan. Duk abin da zai shiga jakarka, ko dai ya hana ka zama nauyi a kan mai masaukinka, ko kuma ya yi aikin da aka aike ka. Wanda bai cika ɗayan biyun nan ba, ya zauna a gida.

Mataki na 1: Tambayi mai masauki kafin ka sayi ko allura

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka kira wanda zai karɓe ka, kada ka tsaya ga gaisuwa da "sai mun zo". Ka zauna da biro da takarda. A ina zan kwana? Akwai gidan sauro ko in zo da nawa? Ruwan rijiya ake sha ko na burtsatse? Ana samun wutar lantarki, kuma awa nawa a rana? Wane layin waya ne yake kamawa? Da wane harshe ake sujada? Me ake samu a kasuwarku, me ba a samu?

Akwai tambayar da kunya take hana mu yi, alhali ta fi sauran muhimmanci: wa zai ciyar da ni, kuma nawa abincina zai ci a mako? Faston ƙauye ba zai taɓa buɗe baki ya faɗa ba. Zai yanka maka kazar da 'ya'yansa suke jiran ƙwanta, ya yi maka murmushi, bayan ka tafi ya shiga cin bashi. Ka ce masa, "Baba Fasto, don Allah a gaya mini gaskiya, ikilisiyarmu ta ware kuɗin abinci, ba daga aljihuna ba ne." Idan ya noƙe, ka bi ta wajen matarsa ko wani dattijon ikilisiyar.

Ka kuma tambaye shi abin da ba ya so ka zo da shi. A watan Janairun 2015 an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, kuma Kiristocin can sun sha wahala kafin su sake ɗinke zamansu da maƙwabta. Kai bayan mako biyu ko wata uku za ka dawo gida, su kuwa can za su ci gaba da zama. Mu nan Haɗeja ba sai an koya mana wannan ba. Da maƙwabtanmu Musulmi muke cin kasuwa ɗaya, tare muke cika buhunan yashi muna ɗaga jinga idan kogi ya kawo, kuma mun san yadda baƙo ɗaya mai garaje zai iya ɓata abin da aka yi shekaru ana ginawa.

Mataki na 2: Takardu, wata uku kafin tafiya

Nan ne mafi yawan tafiye-tafiye suke mutuwa tun ba a fara su ba, don haka zan daɗe a kai.

Fara da fasfo. Idan ba ka da shi, ka duba lambarka ta shaidar ɗan ƙasa tukuna, domin suna da ranar haihuwar da ke kanta su ne za su hau fasfon. Da yawa cikinmu muna da sunan baftisma da sunan gida da sunan makaranta, kowace takarda da nata. Harafi ɗaya ya saɓa, sai ka yi ta zirga-zirga tsakanin Haɗeja da ofishin hukumar shige da fice a Dutse ko Kano. Idan kuwa kana da fasfo, buɗe shi yau ka duba ranar ƙarewarsa. Ƙasashe da yawa ba sa karɓar wanda saura ƙasa da wata 6 ya ƙare, kuma suna son shafukan da ba a buga wa hatimi ba.

Mai zuwa Nijar kada ya ce ai gida ne. Gaskiya ne harshe ɗaya, dangi ɗaya, amma al'amarin iyaka ya canza. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar har zuwa Maris na 2024, sannan a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar ECOWAS. Takardar da ta wuce da ɗan'uwanka shekara biyar da suka shige ba lalle ta wuce da kai ba. Ka riƙe cikakken fasfo, kuma ana saura mako guda ka sake kiran mai masaukinka ka ji abin da ake nema a shingayen hanya a wannan makon.

Inda ake buƙatar biza, ka faɗi gaskiyar abin da zai kai ka. Mai bisharar da ya fara tafiyarsa da ƙarya a gaban jami'i ya zubar da abin da ya ɗauko tun a bakin ƙofa, kuma idan asiri ya tonu ikilisiyar da ta gayyace shi ce za ta amsa tambaya. Ka nemi wasiƙar gayyata daga ikilisiyar can, mai ɗauke da adireshi da lambar wayar wanda zai tsaya maka, da kuma wasiƙar ikilisiyarka mai sa hannun fasto da hatimi. Idan ƙasar masu Faransanci ce, a rubuta maka ta gayyatar da Faransanci, don jandarma ya karanta da kansa ba sai an yi masa fassara ba.

Sai katin rigakafin cutar shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka wanda ya yi ta ana jibi tafiya bai yi kome ba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa allura ɗaya ta isa mutum har iyakar rayuwarsa. Ka je wurin jami'an lafiya na tashoshin shiga da fita, akwai su a filin jirgin Kano, a yi maka allurar a ba ka katin gaske. Kada ka saurari mai ce maka zai kawo maka kati ba tare da allura ba. Ban da haɗarin kamu, cutar kanta ba ta duba kati.

Idan takardu sun kammala, ka yi fotokwafin kowace sau uku: ɗaya a jakar hannu, ɗaya a babbar jaka, ɗaya a hannun sakataren ikilisiya ko iyalinka. Ka ɗauki hotonsu a waya. Ka ƙara da ƙananan hotunan fuska kamar guda shida.

Sannan ka sa su a leda mai kauri, ka ɗaure, ka rataye a sama. Wannan gargaɗin namu ne na mutanen fadama. A ambaliyar 2020 na ga fasfon wani ɗan'uwa da ya ajiye a ƙasan akwatin ƙarfe, ƙarƙashin gado, wurin da yake ganin ya fi ko'ina tsaro. Ruwa ya shigo da dare. Da gari ya waye muka buɗe akwatin a kan tudu, shafukan sun manne da juna kamar waina, hatimin bizar ya narke ya zama shuɗin tabo. Ya shanya shi a kan tabarma yana ɗaga shafi ɗaya-ɗaya da tsinke, amma aikin gama ya gama. Saura mako uku tafiyar.

Mataki na 3: Lafiyarka da magungunanka

A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasar Hausa da bishara: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare ciwo ya kashe biyu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Himma ba ta gaza musu ba, magani ne yake da wuyar samu a wancan zamani. Kai da kake da shi a kemis ɗin bakin kasuwa ba ka da hujjar fita ba tare da shi ba.

Ka ga likita wata guda kafin tafiya. Idan kana da hawan jini ko ciwon sukari ko asma, ka ɗauki maganin da zai ishe ka duk kwanakin, ka ƙara na mako biyu saboda jinkirin hanya. Kowane magani ya zauna a kwalinsa na asali, da takardar likita mai sunanka. Kada ka juye ƙwayoyi a ƙullin leda yadda muka saba; jami'in da ya ga farin ƙwaya ba suna, ba zai ɗauke ta maganin hawan jini ba. Tramadol da duk maganin da ke da kodin kuwa, ka nisance su gaba ɗaya. A Masar da Dubai mutum yakan shiga babbar matsala a kansu, ko da wucewa kawai yake yi.

A ƙaramar jakar magani ka sa na zazzaɓin cizon sauro cikakken zubi, da farasitamol, da ƙunshin gishiri da sukari na gudawa, da filasta da auduga da man shafawa a rauni. Gidan sauro mai magani ba ya da nauyi, ka tafi da naka ka bar wa mai gida idan za ka dawo. Mai fita da rani zuwa Nijar ko Cadi ya nemi rigakafin sanƙarau. A 2023 cutar ta taɓa Damagaram ta kuma taɓa mu nan Jigawa, kuma lokacin zafi da ƙura ne take tashi.

Abu ɗaya nake roƙo: idan kai ba ma'aikacin lafiya ba ne, kada ka cika jaka da magunguna don rabawa. Asibitin Galmi yana aiki tun 1950, na Danja kusa da Maraɗi tun 1956, kuma akwai likitocin gwamnati. Ka nuna wa marar lafiya hanya, in da hali ka biya masa kuɗin mota.

Mataki na 4: Jaka biyu, kuma ka auna su

Babba ɗaya, ƙarama ɗaya ta goyo. Mai bin mota ya samu jaka mai taushi wadda za ta jure ɗauri a saman mota da ƙura. Jakar bakko tana yi, in an saka ta cikin wata an ɗinke. Mai hawa jirgi ya karanta tikitinsa: yawancin kamfanoni kilo 23 suke bari a babbar jaka, wajen kilo 7 a ta hannu. Ka kai jakar wurin masu sayen riɗi ko shinkafa su ɗora maka a sikeli tun a gida. Ya fi maka sauƙi ka rage kaya a tsakar gidanka da ka durƙusa a filin jirgi kana zazzage su a gaban jama'a.

A jakar hannu ake sa takardu, kuɗi, magani, waya da caja, Littafi Mai Tsarki, da kaya kala ɗaya na canji, saboda babbar jaka takan yi kwana biyu ba ta iso ba. Fawabank ma a hannu yake tafiya, ba a yarda da shi a cikin kayan da ake sawa a ƙasan jirgi ba. Wuƙa, reza da almakashi kuwa su koma babbar jaka, haka duk wani ruwa ko mai ko turare da ya wuce mililita 100.

Mataki na 5: Tufafi

Kala biyar sun isa, ko tafiyar wata uku ce, domin ko'ina ana wanki. Ka zaɓi yadin auduga marar nauyi, mai duhu kaɗan don ya ɓoye ƙura. Namiji ya ɗauki kaftani biyu da hula, da kaya ɗaya na aikin ƙarfi, da ɗaya mai kyau na ranar Lahadi. 'Yar'uwa, ke kuma zane da riga mai hannu da ɗankwali da mayafi za su shigar da ke kowane gida a Nijar ko Cadi ba tare da an ɗaga ido ba. Anko ɗin zumuntar mata ki ajiye shi don ranar sujada. Riguna masu manyan rubuce-rubuce a ƙirji da baya, irin waɗanda ake bugawa don taron matasa, a bar su a gida sai in mai masauki ya ce a zo da su. Shadda mai tsada da agogo mai ƙyalli ma haka. Idan ka fi kowa ado a majami'ar da aka yi da zana, mutane za su riƙa kallon rigarka suna lissafin kuɗinta, wa'azin kuma ya bi iska.

Kada zafin Haɗeja ya ruɗe ka. Daren hunturu a arewacin Damagaram yana shiga har ƙashi, Addis Ababa kuma a kan tsauni take, sama da mita 2,300, mai kwanan jiran jirgi a can zai nemi abin rufa. Rigar sanyi ɗaya da safa da ɗan bargo ba za su ci wuri ba. Takalmi biyu: rufaffe wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi, da silifa na wanka.

Mataki na 6: Kayan aiki

Littafi Mai Tsarki naka, wanda ka saba da shi, ka san inda kowace aya take a shafi, shi ne farko. Sai Littafin Waƙoƙi da littafin rubutu da biro. Darussan da za ka koyar ka rubuta su a takarda tun a gida, kada ka dogara ga waya, domin ranar da ka fi buƙatarta ita ce ranar da caji zai ƙare.

Mu masu Hausa an yi mana gata. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da harshenmu, kuma a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Daga Maigatari har Tawa za ka yi wa'azi da harshen da ka sha a nono. Amma ka buɗe kunne, Hausar can tana da nata kalmomin da ta aro daga Faransanci, kuma matasan da suka yi lakwal, wato makaranta, da Faransanci suka iya karatu. Ka tambayi mai masauki wane bugu suke amfani da shi a majami'a kafin ka sayi kwali guda na littattafai. Littafi yana da nauyi, kuma sau da yawa ana sayar da shi a babban birnin ƙasar. Ka tafi da kuɗin ka saya a can, ka huta da dako da tambayoyin kwastan. Inda doka ta hana shiga da littattafan addini da yawa, ka bi doka. Kada ka ɓoye kome a ƙasan jaka.

Abubuwa biyu na ga sun yi amfani fiye da girmansu. Na farko memori na waya mai ɗauke da karatun Littafi Mai Tsarki da murya, saboda waɗanda ba su yi makaranta ba. Na biyu tabaran karatu masu araha. Na taɓa miƙa wa wani dattijo ɗaya a bayan sujada. Ya saka, ya buɗe Sabon Alkawarinsa da bangonsa ya riga ya cinye, ya ɗora yatsa a kan layi yana motsa leɓe, bai sake ɗagowa ya dube ni ba har na tashi. Matarsa ce ta ce mini ya yi shekaru sai dai jikoki su karanta masa.

Soket ɗin Nijar da Cadi da yawancin ƙasashen da Faransa ta raina mai ramuka zagayayyu ne, namu kuwa mai baki uku ne masu faɗi. Ka sayi adafta a Kano. Ka haɗa da tocila mai caji da hasken rana. Wayarka kuma ka tabbata za ta karɓi layin wata ƙasa, ka rubuta muhimman lambobi a takarda.

Mataki na 7: Kuɗi

Ka raba kuɗin ikilisiya da naka tun daga gida, kowanne da ambulan ɗinsa, da ɗan littafin da za ka riƙa rubuta abin da ya fita kullum da yamma. Kada ka tara su wuri ɗaya: kaɗan a aljihu don hanya, sauran a ɗamara ƙarƙashin riga.

Sefa iri biyu ce, kuma mutane da yawa ba su sani ba sai sun isa. Ta Nijar da Benin da Togo daban, ta Cadi da Kamaru daban. Darajarsu ɗaya amma mai shago a Njamena ba zai karɓi ta Yamai ba. Ka gaya wa ɗan canji ƙasar da za ka. Ka nemi ƙananan takardu, domin canji yana wuya a ƙauye. Ka kuma koyi lissafin kasuwar Nijar kafin ka shiga: dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jika kuma sefa 1,000. Wanda bai san wannan ba zai yi ta musu da mai tebur a kan kuɗin da babu wanda ya cuci wani. Idan ƙungiya ce ta ɗora maka kuɗin aiki masu yawa, ka sani dokar Nijeriya ta wajabta bayyana duk abin da ya wuce dalar Amurka 10,000 ko kwatankwacinta a wurin kwastan.

Mataki na 8: Guzuri, tsaraba da saƙon mutane

Ana jibi tafiya gidanka zai cika. Inna za ta zo da bandar tarwaɗa a naɗe cikin takardar siminti, mai tana ɗiga ta gefe. Wata za ta kawo yaji, wata kuka da daddawa, wani kilishi. Kowa da zuciya ɗaya ya kawo, kuma mayar da hannun kyauta yana da ciwo. Ka karɓa da hannu biyu ka yi godiya, sannan ka zauna ka tace.

Mai bin mota zuwa Nijar zai iya tafiya da kifin Haɗeja, kuma babu tsarabar da za ta fi shi faranta ran uwargidan mai masauki. A dai ƙara busar da shi, a naɗe a leda biyu, a raba shi da tufafi da littattafai. Mai hawa jirgi zuwa Turai ko Amurka ya bar kilishi da dambun nama da man shanu, domin dokokinsu sun hana matafiyi shiga da nama, Turai kuma har da kayan madara. Abin da ka ɗauka na ci, ka bayyana shi idan an tambaya. Don cikinka a hanya, ƙuli-ƙuli da dabino da garin kunu da soyayyar gyaɗa sun wadatar.

Tsaraba ta zama ta mai gida da iyalinsa: turmin atamfa ga uwargida, ɗan littafi da fensir ga yara, shinkafar gida mudu biyu in hanya ta ba da dama. Ban goyi bayan buhun gwanjo da alewar da ake watsa wa yara a titi ba. Yana koya wa gari cewa mai bishara mai rabo ne, kuma faston da zai zauna bayanka ba shi da abin rabawa. In akwai abin taimako, a damƙa wa dattawan ikilisiyar can su raba yadda suka san mutanensu.

Sai babban abu, saƙo. Wani zai zo da ƙulli a ɗinke ya ce, "Ɗan'uwa, don Allah ka miƙa wa yarona, zai same ka a tasha." Ka ce masa, "Baba, ka yi haƙuri mu buɗe tare, dokar tafiyar ke nan." Ka buɗe a gabansa, ka ga kome da idonka, ka sake ɗaurewa da hannunka. Wanda ya ƙi a buɗe, ka mayar masa da abinsa ko wane ne shi. A filin jirgi ko tasha kuwa kada ka riƙe wa baƙon fuska ko da ledar ruwa. Duk abin da aka samu a jakarka naka ne a gaban hukuma, kuma akwai bayin Allah da suke kurkuku a ƙasashen waje saboda kunyar cewa a'a.

Mataki na 9: Kwana biyu na ƙarshe

Ka shimfiɗa tabarma ka baje duk kayan a kai, ka bi su ɗaya-ɗaya da ma'aunin nan na farko. Za ka ga kusan kashi ɗaya cikin huɗu na "ko da za a buƙata" ne, cire su. Ka nannaɗe tufafi maimakon ninkewa, masu nauyi a ƙasa, ka rubuta sunanka da lambar waya a ciki da wajen jaka, ka ɗaura mata ƙyalle mai launi don ka gane ta daga nesa. Ka bar gurbi kaɗan, domin mutanen can ma ba za su sallame ka hannu wofi ba.

Ka bar wa iyalinka abincin kwanakin da kuɗin makarantar yara da lambar mai masaukinka. Wanda ya bar gidansa da yunwa ya tafi wa'azi, hankalinsa rabi ne zai bi shi.

Idan tafiyar ta faɗo a Agusta ko Satumba, lokacin da ruwan Tiga da Challawa yake haɗuwa da na sama kogi ya cika ya tumbatsa, kada ka yarda ka kwana a Haɗeja daren tashin jirginka. Mun ga yadda ruwa ya yanke hanyoyi a 2022. Ka isa Kano da kwana ɗaya a hannu, ka shiga filin jirgi awa uku kafin lokaci. Mai bin Maigatari ya yi sammako ya ƙetare da rana tsaka. Ranar Alhamis, ranar kasuwa, mota ba ta wuya amma cunkoso yana da yawa, sai a riƙe jakar hannu a gaba.

Ranar Lahadin ƙarshe ka tsaya a gaban ikilisiya a yi maka addu'a, ka gaya musu ranar dawowarka. In Allah ya dawo da kai lafiya, kafin ka fara ba da labari ka miƙa wa ma'aji littafin lissafi da ragowar kuɗi, adaftar da tocilar da jakar kuma ka kai su ofishin fasto a ajiye wa wanda za a aika bayanka.